Al'adar Biyayya a Gidajen Ruhubanawan Masar

A zamanin da Rumawa ke riƙe da ƙasar Masar, Kirista ba ya buƙatar dogon tafsiri kafin ya san abin da ake nufi da yi wa Allah ɗa'a, domin hukuma da kanta takan zo ta ajiye masa tambayar a ƙofar gida. A shekarar 250 Ƙaisar Dakiyanus, wanda masu tafsiri ke ambata a ƙissar Ashabul Kahfi, ya yi umarni kowane mutum a daularsa ya miƙa hadaya ga gumaka a gaban wakilan hukuma, a ba shi takardar shaida cewa ya yi. Har yanzu akwai irin waɗannan takardu da aka tono a yankin Fayyum, da sunan mai hadaya da sa hannun shaidu. Bayan shekara hamsin da 'yan kai, a 303, Dikiladiyanus ya buɗe wani babin tsanani da ya fi na farko muni, aka rushe majami'u, aka ƙone littattafai, aka kashe jama'a mai yawa, har ya zama Ƙibɗawa ba su ga abin da ya fi dacewa su fara ƙidayar shekarunsu da shi ba sai hawan wannan sarki a 284, suka kira ta ƙidayar shahidai. A irin wannan hali mutum ko ya zuba turare a wuta ya koma wurin iyalinsa, ko ya ƙi ya tafi kurkuku, kuma waɗanda suka ƙi suna da hujjarsu a littafin Ayyukan Manzanni, inda Bitrus ya shaida wa majalisar da ta hana shi wa'azi cewa umarnin Allah yana gaba da na mutane.

Sa'an nan a 313 Kustantin da abokin mulkinsa suka ba Kirista 'yancin addininsu, takobi ya koma kube, addinin da jiya ake ɓuya da shi ya zama hanyar samun muƙami a fada. To, a nan ne tambayar ta yi wuya. Addinin Almasihu tun daga tushensa an gina shi a kan ɗa'a: Bulus ya koyar cewa saɓon mutum guda, wato Adamu, shi ya jefa zuriyarsa cikin halaka, biyayyar mutum guda kuma, wato Yesu Almasihu, ita ta buɗe ƙofar tsira, Linjila ta ba da labarin daren Getsamani, inda Yesu ya roƙi a ɗauke masa abin da ke tafe, amma ya sallama nufinsa ga nufin Allah, tun kafin wannan kuma Annabi Sama'ila ya riga ya faɗa wa Sarki Saul cewa jin maganar Ubangiji ya fi yanka raguna. Mutumin da ya ji waɗannan duka, ga shi babu mai tsare shi da mashi, babu alƙalin da zai tambaye shi ko shi wane ne, ta yaya zai tabbatar wa kansa cewa Allah yake bi, ba son zuciyarsa ba ne ya yafa rigar addini? Amsar da mutanen Masar suka bayar ita ce asalin al'adar da ta ratsa gidajen ruhubanawa na gabas da yamma har zuwa yau.

Wanda aka fi sani a cikin na farkonsu shi ne Antoniyus, ɗan wani gida mai wadata a tsakiyar Masar, wanda aka haifa wajen 251. Atanasiyus, babban limamin Iskandariyya, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce yana saurayi, iyayensa ba su daɗe da rasuwa ba, ya shiga majami'a ya tarar ana karanta wurin da Yesu ya umarci wani mai dukiya ya sayar da abin da ya mallaka ya bai wa matalauta, sai ya ɗauki maganar tamkar da shi kaɗai ake yi: ya rabar da gonakinsa, ya danƙa ƙanwarsa a hannun wasu mata masu ibada, ya fita bayan gari, daga baya ya shiga wani tsohon sansanin soja da aka yi watsi da shi, ya yi kusan shekara ashirin a cikin halwa, a ƙarshe ya ƙaura zuwa wani dutse kusa da Bahar Maliya, inda ya rasu a 356. Wannan ɗa'a ce kai tsaye, tsakanin bawa da Ubangijinsa. Amma waɗanda suka bi sawunsa zuwa sahara, da suka yi yawa, ba su jima ba suka gano cewa kaɗaici yana da nasa tarko, domin mutumin da ba ya jin muryar kowa sai tasa yana iya wayar gari ya ɗauki wasuwasinsa wahayi ne, ya yi ta tsawaita azumi da tsayuwar dare yana ƙara kumbura da ujubu, ba mai ce masa kul. Littattafansu cike suke da labarin masu zuhudu da suka halaka ta wannan hanya, har da wani dattijo da ya yi shekara hamsin yana ibada, ya ƙi zama da 'yan'uwa ko ranar idi, daga bisani ya faɗa rijiya da gangan don wata murya ta tabbatar masa cewa ba abin da zai same shi.

Maganin da suka samo shi ne kada sabon shiga ya zama shehun kansa. A Kwarin Natrun, arewa maso yamma da inda Alƙahira take yanzu, wurin da ake haƙar kanwa tun zamanin Fir'aunoni, inda wani mai zuhudu, Makariyus, ya fara zama wajen 330, saurayi kan nemi wani dattijo ya zauna kusa da shi, yana kiransa Abba, yana tufka igiya da saƙa kwanduna tare da shi, yana bayyana masa tunanin da ya ratsa zuciyarsa ba tare da ɓoye kome ba, ba ya ƙara azumi ko rage barci sai da izninsa. An ba da labarin wani mai kwafar littattafai, Markus almajirin Silbanus, wanda sauran almajirai suka yi ƙorafin cewa malaminsu ya fi sonsa. Sai malamin ya zaga ɗakunansu yana ƙwanƙwasawa yana kiran kowa, ba wanda ya fito nan take sai Markus, da aka shiga ɗakinsa aka duba takardar da yake rubutu sai aka tarar ya fara zana harafi, ya ji kira, ya ajiye alƙalami bai rufe da'irar harafin ba. Akwai kuma labarin da ya fi wannan yaɗuwa, na Yohana Gajere, wanda dattijonsa ya kafa busasshen itace a ƙasa ya ce ya riƙa yi masa ban ruwa kullum, ga ruwan da nisa har yakan tafi da yamma ya dawo da safe. Bayan shekara uku itacen ya yi ganye ya yi 'ya'ya, dattijon ya tsinko ya kai wa 'yan'uwa a majami'a su ci albarkar biyayya. Kasiyan, wanda ya zauna a cikinsu shekaru kafin ya koma Turai, ya kawo irin wannan ƙissa game da wani Yohanan dabam, kuma a tasa ruwayar itacen bai tsiro ba: bayan shekara guda dattijon ya zo ya tumɓuke shi ya jefar, ya ce a daina. A ganina wannan ruwaya ta biyu ta fi kusa da abin da mutanen suke nufi, domin idan itacen dole ne ya tsiro kafin a ga amfanin aikin, to ciniki ake yi. Abin da ake shayarwa a shekarar nan zuciyar saurayin ce, wadda ake koya wa ta daina tambayar ribarta a kowane taki.

Duk da haka, wanda ya mai da wannan tarbiyya ta mutum biyu ta zama tsarin jama'a, da doka a rubuce da shugabanni da lokutan aiki, wani mutumin kudancin Masar ne mai suna Bakumiyus, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa. An haife shi wajen 292 a gidan masu bautar gumaka. Yana da kimanin shekara ashirin aka kama shi aikin soja na tilas, aka zuba su a jirgin ruwa, da suka iso birnin Tiba, inda Luksor take a yau, aka kulle su a kurkuku don kada su gudu. Da dare sai ga wasu mutanen garin sun kawo musu abinci da abin sha, ba su san su ba, ba su haɗa dangi ba. Ya tambaya su wane ne, aka ce masa Kirista ne, haka suke yi wa kowane baƙo saboda Allahnsu. A daren ya yi alkawari cewa in Allah ya fitar da shi zai bauta masa ta hanyar yi wa mutane hidima muddin ransa. Da aka sallame su ya karɓi baftisma a wani ƙauye kusa da Naj Hammadi ta yanzu, ya yi kusan shekara bakwai yana almajirci a wurin wani tsoho mai tsananin zuhudu, Balamun, sa'an nan wajen 323 ya zauna a wani kufai mai suna Tabanisi a gefen Kogin Nilu, ya fara karɓar masu son zama tare da shi.

Gwajinsa na farko bai yi nasara ba, kuma almajiransa da suka rubuta tarihinsa da harshen Ƙibɗanci ba su ɓoye wannan ba. Ya ɗauka cewa in ya yi wa mutanen hidima, ya dafa musu, ya share, ya yi jinyar marar lafiyarsu, ba tare da ya ɗora musu doka ba, kunya da misali za su gyara su. Sai suka raina shi. An ce wata rana lokacin girbi ya kai musu abinci gona a kan jaki, da suka ci suka ƙoshi sai suka hau jakin suna tsere suna dariya, suka ce masa ya ɗauki kwanukan a kansa ya koma gida, ya kuwa ɗauka. Ya yi shekaru yana haƙuri da wannan yana yi musu addu'a, har ranar da ya tara su ya shimfiɗa musu sharuɗɗa, cewa in an kira salla kowa ya zo, in an kira cin abinci kowa ya zo tare. Da suka ƙi, ya ɗauki sakatar ƙofa ya kore su ɗaya bayan ɗaya. Suka kai ƙara wurin bishop na yankin, shi kuwa ya dube su ƙarti majiya ƙarfi, ya ce in mutum guda ya iya korarsu duka to lalle da hannun Allah a ciki.

Daga wannan ɗaci ne dokarsa ta fito. Mai son shiga ba a buɗe masa ƙofa nan da nan. Yakan yi kwanaki a bakin ƙofa ana koya masa addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa da wasu surorin Zabura, ana bincike ko bawa ne da ya gudo ko mai laifin da ke neman mafaka, ana tambayarsa ko zai iya rabuwa da iyaye da dukiya. In an karɓe shi sai a tuɓe masa tufafinsa a sa masa na gidan, a ba shi wurin zama a ɗaya daga cikin gidajen da aka kasa bisa sana'a, na masu saƙar tabarma, na masu toya gurasa, na maɗinka, na dukawa, na masu tuƙa jiragen da ke kai kayan saƙa kasuwa, kowane gida da maigidansa da mataimakinsa. Wanda bai iya karatu ba dole ya je wurin mai koyarwa sau uku a yini, ko yana so ko ba ya so, domin Bakumiyus bai yarda a sami mutum a gidansa da bai haddace wani abu na Littafi Mai Tsarki ba, aƙalla Zabura da Sabon Alkawari. Kuma wannan sharaɗi shi ke nuna inda aka dosa, gama mutumin da maganar Allah ke cikin ƙirjinsa yana da ma'aunin da zai auna umarnin shugabansa da shi. Dokar ta shiga har cikin ƙananan abubuwa: wanda ya tarar da 'ya'yan itace sun faɗo a lambu ba zai ci ba, sai ya tattara ya ajiye a gindin bishiyar. Sau biyu a shekara jama'ar gidajen duka sukan hallara a babban gidansu na Fabau, sau ɗaya don Idin Tashin Almasihu, sau ɗaya kuma wajen watan Agusta, lokacin da masu riƙe da kaya ke kawo lissafi, a naɗa sababbin shugabanni, kowa ya yafe wa ɗan'uwansa abin da ke tsakaninsu. Kafin ya rasu gidajen maza sun kai tara, na mata biyu, 'yar'uwarsa Maryamu ce ke shugabantar na farkonsu.

Labarai biyu game da tabarma sun isa su nuna abin da yake nema da abin da yake gudu. An ɗora wa kowa tabarma guda a yini. Wani ɗan'uwa ya saƙa biyu ya shimfiɗa su a ƙofar ɗakinsa inda Bakumiyus zai wuce ya gani, shi kuwa da ya gani sai ya yi ajiyar zuciya ya ce wa na kusa da shi wannan bawan Allah ya yi wahala tun asuba ya miƙa wa Shaiɗan ladan duka, ya sa shi ya tsaya a gaban jama'a riƙe da tabarmin nan biyu yana neman a roƙa masa gafara. Wani lokaci kuma ya dawo daga tafiya, wani yaro ya tare shi da kukan cewa tun da ya tafi ba a dafa musu ganye ba. Ya shiga madafa ya tarar da mai dafuwa yana saƙa. Mutumin ya kawo hujja mai kyan ji: 'yan'uwa masu azumi ne, ba sa taɓa dafaffen abinci, ana zubarwa, ga mai yana tafiya a banza, shi ya sa wata biyu ke nan ya daina, ya mai da lokacin ga saƙa, har ya tara tabarma ɗari biyar. Bakumiyus ya ce a kawo su, ya sa aka cinna musu wuta gaba ɗaya. Mai lissafin riba zai ce wannan ɓarna ce, amma hujjarsa ita ce wanda ya bar abinci alhali ga shi a gabansa shi ne ya yi zuhudu, wanda bai samu ba kuwa yunwa kawai ya sha, kuma akwai yara da tsofaffi da raunana waɗanda saboda su aka yi dokar. Mai dafuwan ya musanya umarnin da aka yi don jinƙai da dabarar kansa, ya kuma sa mata sunan tattali.

Wajibi ne a faɗi gaskiya cewa wannan al'ada tana da gefe mai duhu, kuma ba ta rasa waɗanda suka faɗa cikinsa ba. Kasiyan ya kawo, cikin yabo, labarin wani uba da ya shiga gidan ruhubanawa da ɗansa ɗan shekara takwas, shugaban gidan ya sa aka riƙa wulaƙanta yaron ana marinsa a gaban uban don a gwada shi, a ƙarshe ya umarce shi ya jefa yaron a kogi, ya kuwa ɗauke shi da gudu ya nufi ruwa, sai waɗanda aka riga aka ajiye a gaɓa suka tsamo shi. Marubucin ya kwatanta wannan da Annabi Ibrahim. Ba na jin kwatancin ya tsaya, domin Ibrahim Ubangijinsa ne ya yi masa magana, wannan kuwa mutum ne irinsa, kuma yaron da aka mara bai yi wa kowa alkawarin kome ba. Haka nan Shanuda, shugaban Farin Gida da ke kusa da Suhaj, wanda ya raka Kirilus, babban limamin Iskandariyya, zuwa taron Afisa a 431, malami ne mai kaifin alƙalami da ya ciyar da dubban 'yan gudun hijira a lokacin hare-hare, amma rubuce-rubucensa da kansa sun nuna yana yanke wa maza da mata na gidansa bulala da ƙidaya, har jama'arsa suka sha yi masa bore. Hausawa kan ce bin na gaba bin Allah ne, kuma ruhubanawan nan da sun ji maganar da sun amince da ita; sai dai tana tsayawa ne muddin na gaban shi ma bi yake yi. Malaman Musulunci sun san wannan iyaka sarai, tun da ƙa'ida ce a wurinsu cewa ba a yi wa abin halitta ɗa'a a cikin saɓa wa Mahalicci, kuma Alƙur'ani, wanda ya yabi ruhubanawa da rashin girman kai a Suratul Ma'ida, ya zargi waɗanda suka mai da su iyayengiji a Suratut Tauba.

Abin da ya tsare Bakumiyus daga wannan rami shi ne bai taɓa fitar da kansa daga ƙarƙashin dokar da ya kafa ba. Yana zaune a ɗaya daga cikin gidajen, ƙarƙashin maigidan wurin, in yana bukatar wani abu sai ya nema kamar kowa. Wata rana ya ziyarci Tabanisi ya zauna yana saƙa, sai wani yaro ya ce masa, Baba, ba haka ake juya zaren ba yanzu, Tadurus ya koya mana wata hanya. Ya miƙe tsaye ya ce wa yaron ya zauna ya nuna masa, ya koya, ya ci gaba da aiki yadda aka nuna masa. Da Atanasiyus ya zo kudu, aka so a naɗa Bakumiyus limami, sai ya ɓuya a cikin taron 'yan'uwa har baƙon ya wuce, don yana tsoron kada muƙami ya shigo da hassada gidan. A cikin dokokinsa akwai hukuncin maigidan da ya yi zalunci a shari'a ko ya yi barci a kan amanarsa, a sauke shi daga kujerarsa har ya gyaru. A 345 ma, da wasu bishop-bishop suka kira shi Isna su tuhume shi a kan abin da ake faɗa na cewa yana ganin abin da ke zukatan mutane, ya je ya amsa tambayoyinsu, ko da yake taron ya rikice har da ƙyar aka fitar da shi da rai.

Tadurus ɗin nan shi ne almajirin da ya fi so, ɗan manyan mutane daga Isna wanda ya zo yana yaro, har Bakumiyus ya taɓa tsayar da shi ya yi wa jama'a wa'azi yana da ƙuruciya, wasu dattawa suka fice don fushi, shi kuwa ya tsaya a cikin sahu yana saurare. Amma da Bakumiyus ya kwanta ciwo, manyan gidan suka matsa wa Tadurus ya yi musu alkawarin zai gaje shi, ya amsa. Da malamin ya warke ya ji, sai ya sauke shi daga dukan muƙamansa, Tadurus ya yi shekara biyu a keɓe yana kuka da tuba. Annoba ta shiga gidajen bayan Idin Tashi na 346, ta ɗauki Bakumiyus a watan Mayu, bayan ya yi wa Tadurus wasiyya ya ɗauke gawarsa daga inda aka binne ta ya ɓoye, don kada a gina masa hubbare. Bai ba shi gadon ba. Ya naɗa Batruniyus, wanda bai wuce wata biyu da 'yan kwanaki ba shi ma ya bi shi, ya bar wa Orsisiyus, mutum mai taushin hali. A hannun wannan ne fitina ta tashi, kuma daga dukiya ta taso, domin gidajen sun yi gonaki da jirage, shugaban ɗaya daga cikinsu, Abuluniyus, ya so ya ware da abin da gidansa ya tara. Orsisiyus ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya kira Tadurus ya danƙa masa ragama, ya koma gefe. Tadurus ya kwantar da tawayen, ya riƙe jama'ar kusan shekara goma sha takwas, amma bai yarda a kira shi magaji ba, yana ɗaukar kansa wakili, yana zuwa wurin Orsisiyus neman shawara a kan al'amura, har ya rasu a 368 shugabancin ya koma hannun mai shi.

Daga Masar al'adar ta bazu. Basiliyus na Kaisariya ya zo ya gani da idonsa wajen 357, ya koma ƙasarsa ya fifita zaman jama'a a kan halwa, da hujjar cewa mai zama shi kaɗai ba shi da wanda zai wanke wa ƙafa, ba shi da wanda zai yi wa haƙuri. Jerom ya juya dokokin Bakumiyus zuwa Latin a 404, Kasiyan ya kafa gidaje a Marsiliya ta Faransa wajen 415, sa'an nan a ƙarni na shida Benedikt ya tsara dokarsa mai babi 73 a Monte Kasino ta Italiya, wadda ta zama uwar dokokin ruhubanawan Turai. Benedikt ya nemi biyayya ba jinkiri ba gunaguni, amma ya kewaye ta da shinge: ya yi ta tuna wa shugaba cewa za a yi masa hisabi a kan kowane rai da ke hannunsa, ya hana shi umartar abin da ya saɓa wa dokar Allah, ya wajabta masa tara jama'a duka don shawara a kan manyan al'amura har da ƙaraminsu, ya ba wanda aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa damar ya je ya bayyana uzurinsa cikin ladabi, ya kuma umarci 'yan'uwa su riƙa yi wa juna biyayya. Bayan shekara dubu Ignatiyus na Loyola, wanda Paparoma ya amince da ƙungiyarsa a 1540, ya kwatanta mai biyayya da gawar da ake juyawa yadda aka so, kwatancin da duk wanda ya zauna da Sufaye ya san irinsa game da muridi a hannun shehunsa, ko da yake shi ma ya togace abin da yake zunubi ne. Martin Luta kuwa, wanda ya shiga ruhubananci a 1505 ya ɗauki alkawarin biyayya kamar kowa, ya tsaya a gaban Ƙaisar a Worms a 1521 ya ƙi janye koyarwarsa, yana kafa hujja da cewa lamirinsa a ɗaure yake da maganar Allah. A wannan shekarar ya rubuta littafi yana sukar alkawuran ruhubanawa, kuma ikilisiyoyin da suka bi bayansa suka mai da filin ɗa'a ya zama gida da gona da kasuwa.

A Masar kanta gidajen Bakumiyus sun shuɗe, ba abin da ya rage a Fabau sai ginshiƙan babbar majami'arsu a kwance a gefen ƙauyen Faw. Na Kwarin Natrun kuwa huɗu suna nan da mutanensu, gidan Makariyus da na Bishoi da na Suriyawa da na Baramus, haka ma gidan Antoniyus a gefen Bahar Maliya, kuma har yanzu sabon shiga yakan yi shekaru a ƙarƙashin uban tarbiyya kafin a sa masa baƙar riga. Ikilisiyar Ƙibɗawa ta daɗe tana zaɓar bishop-bishop da babanta daga cikin waɗannan mutane da suka yi zaman almajirci. Babanta Shanuda na Uku daga gidan Suriyawa ya fito, kuma da Shugaba Anwar Sadat ya tsare shi a 1981 saboda saɓanin da ya shiga tsakaninsu, gidan Bishoi aka kai shi, ya zauna a can har farkon 1985. Tawadurus na Biyu, wanda ya gaje shi a 2012, shi ma a gidan Bishoi ya yi ruhubanancinsa.